Tauye Mudu Ne Ko Kuwa Rashin Bayani? Batun Giɓin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Duk wanda ya san yankin Funtuwa da Malumfashi ya san cewa da kaka ne kuɗi ke shiga hannun jama'a. Idan aka kai masara da dawa da waken suya kasuwannin Dandume da Bakori, aka auna auduga aka biya, sai magidanci ya shiga sauke nauyin da ya yi ta jinkirtawa tun bazara. Wannan ya sayi kwanon rufi, wancan ya sayi babur, wani kuma ya aurar da 'yarsa. A 'yan shekarun nan wani sabon kaya ya shigo cikin wannan jeri, wato kwamfutar tafi-da-gidanka. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta a shekarar 2013, a 2015 kuma ta mayar da ita gaba ɗaya can. Hukumar WAEC ma ta bi sawu a 2024 ga masu zana jarrabawa daga waje. Saboda haka uban da ke son ɗansa ya wuce sakandare ba ya ganin sayen wannan na'ura a matsayin almubazzaranci.

Mafi yawan waɗannan kwamfutoci na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, suka sauka Ikko, suka hauro Kano da Zariya. Mai saye yakan riƙe lamba guda a kansa, wadda aka ce masa ita ce ma'aunin ƙarfin na'ura: "RAM nawa ce?" Mai shago ya ce 8. A biya, a zo gida. Bayan kwana biyu yaro ya buɗe shafin da Windows ke bayyana kayan cikin na'ura, sai ya ga an rubuta gigabait 8.00, amma a gefe, cikin baka biyu, an ce abin da za a iya amfani da shi 7.8 ne, wani lokaci ma 5.9. Daga nan sai rai ya ɓaci. Uba ya ce an cuce shi, ɗa ya ce ai an zare wani abu daga ciki, a ɗauki na'ura a koma shago ana ta da jijiyar wuya.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, a mafi yawan lokuta babu wanda ya saci kome, kuma zargin da ake yi wa mai shago zalunci ne. Amma fa wannan bai wanke shi sarai ba, domin mai saye yana da haƙƙin a gaya masa lambobin biyu tun kafin ya ƙirga kuɗinsa. Kafin mai karatu ya yarda da ni ko ya ƙi, wajibi ne mu fara sanin inda giɓin ya shiga.

Kwamfuta tana da wuraren ajiya iri biyu, kuma manomi ya fi kowa saurin gane bambancinsu. Akwai faifan ajiya, wanda yake kamar rumbu: abin da aka zuba a ciki yana nan ko an kashe na'ura, ko an shekara ba a kunna ta ba. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki, wadda 'yan kasuwa ke kira RAM, ita kuwa kamar masussuka take. Ba a sussuka a cikin rumbu. Sai an ɗebo dami an baza shi a fili tukuna a sami damar aiki. Haka duk wani abu da kwamfuta za ta sarrafa, ko rubutu ne ko lissafi ko tambayoyin jarrabawa, sai an ɗebo shi daga faifai an shimfiɗa a ƙwaƙwalwar aiki, kuma da zarar wuta ta yanke sai filin ya koma wayam. Gwargwadon faɗin masussuka, gwargwadon yawan aikin da za a yi a lokaci guda.

To, hoton da kake gani a fuskar kwamfuta shi ma aiki ne, kuma yana buƙatar wurin shimfiɗawa. Fuskar nan ɗigo-ɗigo ce. A yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke kasuwanninmu akwai ɗigo 1,366 a kwance da 768 a tsaye, jimla 1,049,088. Kowane ɗigo sai an rubuta masa yawan ja da kore da shuɗin da za a gauraya a fitar da launinsa, kuma bisa al'ada ana ware masa bait 4. Idan ɗalibi ya ninka zai sami bait 4,196,352, wato kimanin megabait 4, don hoto guda tak. Fuskar da ta fi wannan kyau, mai ɗigo 1,920 da 1,080, tana cin kusan megabait 8. Ana sabunta hoton nan sau 60 a kowace daƙiƙa, ana nuna ɗaya ana shirya na bayansa, sannan kowace taga da ka buɗe ana riƙe da hotonta daban ko da wata ta rufe ta. Idan aka zo ga bidiyo ko taswira ko wasannin yara, sai buƙatar ta haura zuwa ɗaruruwan megabait.

A ina za a ajiye duk wannan? Hanya biyu ce. Ta farko ita ce a sa wa kwamfuta katin hoto na musamman, mai ɗauke da tasa ƙwaƙwalwar, wanda ba ruwansa da ta gida. Wannan shi ne ɗan da ya sayi gonarsa da kuɗinsa. Hanya ta biyu ita ce a gina sashen hoto a jikin furosesa, wato sashen da ke yin lissafin na'ura, a ce masa ya ci daga ƙwaƙwalwar aikin da kowa ke ci. Wannan shi ne ɗan da maigida ya yankar wa gayauna daga cikin gandu. Gonar ba ta ragu ba, tana nan yadda kakanni suka bar ta, amma abin da ya rage na gandu ya ragu. Lambar farko da Windows ke nunawa faɗin gonar ce duka, ta cikin baka kuma gandun da ya saura bayan an fitar da gayauna.

Kada wani ya zaci wannan wata sabuwar dabara ce da aka ƙirƙiro don a cuci baƙar fata. Kwamfutar Apple II ta shekarar 1977 a cikin ƙwaƙwalwar aikinta take ajiye hoto, haka ma IBM PCjr ta 1984. A 1999 kamfanin Intel ya fito da tsarin da ya kira 810, wanda ya baza wannan hanya cikin kwamfutoci masu araha a duniya. A 2010 ya shigar da sashen hoto cikin ƙunshi ɗaya da furosesa, kamfanin AMD ya yi irin nasa a 2011. Kai, a 2020 kamfanin Apple ya fito da furosesar M1, wadda sashen lissafi da sashen hoto ke tarayya a ƙwaƙwalwa ɗaya, ya kuma tallata wannan tarayya a matsayin abin alfahari, a kwamfutocin da kuɗin guda ɗaya zai sayi buhunan masara masu yawa.

Ni a ganina ma mu ne muka fi kowa cin moriyar wannan tsari. Katin hoto na musamman yana ƙara tsada, yana shan batir, yana kuma ƙara zafi. Furosesar ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa, haɗe da sashen hotonta, an tsara ta ne a kan kimanin wat 15, alhali katin hoto shi kaɗai kan sha ninkin haka. Ɗalibin da ke Ƙafur ko Ɗanja, wanda sai ya kai na'urarsa shagon caji ko ya jira hasken rana ya cika batir, ba shi da wata buƙata ga katin da zai ƙarar masa da wuta cikin sa'a guda, a watan Afrilu kuma ya mayar masa da cinya murhu. Abin da zai yi, wato rubutu da karatu da gwajin tambayoyin jarrabawa, sashen hoto na cikin gida ya ishe shi har da saura.

Akwai wani wuri da mutane ke ƙara ruɗewa, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Rabon da sashen hoto ke samu kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne wanda ake yankewa tun lokacin da aka kunna na'ura, kafin Windows ta farka. Wannan ba ya dawowa, kuma shi ne ke rage lambar cikin baka. A kwamfutoci masu furosesar Intel yawanci ɗan kaɗan ne, daga megabait 32 zuwa 128 ko makamancin haka. A wasu masu furosesar AMD yakan kai megabait 512, a wasu har gigabait 2, kuma daga nan ne 8 ke komawa 5.9. Kashi na biyu kuwa aro ne. Windows tana yarje wa sashen hoto ya ari har kusan rabin ƙwaƙwalwar aiki idan buƙata ta taso, ya mayar idan ya gama. Mutum yakan buɗe Task Manager ya ga an rubuta cewa sashen hoto yana da rabon gigabait 3.9, sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka rabin dukiyarsa ta salwanta. Wannan lamba iyakar abin da za a iya arawa ce kawai. Idan ya duba da kyau zai ga abin da aka ara a wannan lokaci bai taka kara ya karya ba.

Mu da muke koyar da ilmin halittu wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurinmu. Baligi idan yana zaune yakan shaƙi iska kimanin mililita 500 a kowane numfashi. Daga ciki kimanin 150 ba ta isa can cikin huhu inda jini ke karɓar rabonsa, tana tsayawa ne a hanci da maƙogwaro da bututun iska, ta fito yadda ta shiga. Kashi 30 cikin ɗari ke nan. Bugu da ƙari, huhun da ke iya ɗaukar kimanin lita 6, komai ƙoƙarin mutum na fitar da iska sai fiye da lita 1 ta saura a ciki, kuma wannan saura na cikin abin da ke hana huhu manne wa juna. Masarar da ke gona ita ma ba duk abincin da ganyenta ya haɗa da hasken rana ne ke zama ƙwaya ko kara ba, wani babban kaso tana ƙone shi ne don ta rayu. Ban taɓa jin ɗalibin da ya ce an tauye masa huhu ba. Abin da muke koya masa shi ne ya san sunan kowane kaso, ya san girmansa, ya kuma san lokacin da girman ya wuce ƙa'ida har ya zama alamar ciwo.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci, domin bayanin "ai sashen hoto ne ya ci" yana da iyaka, kuma maha'inci zai iya fakewa da shi. Idan kwamfuta mai gigabait 4 ta nuna 3.8 ko 3.9, lafiya lau. Idan mai 8 ta nuna 7.7 zuwa 7.9, haka nan. Idan ta nuna 5.9 ko 6.9 ko 7.4 kuma furosesarta AMD ce, akwai bayani. Amma idan mai 8 ta nuna 3 da 'yan kai, to, a binciki irin Windows da aka ɗora mata. Akwai mai bit 32 da mai bit 64. Mai bit 32 adireshi 4,294,967,296 kawai take iya ƙirgawa, wato gigabait 4, kuma a cikinsu ne sauran sassan na'ura ke karɓar nasu adireshin, shi ya sa abin da ke saura bai cika wuce 3.5 ba ko da an cusa mata gigabait 16. Maganin wannan shi ne a sake ɗora mai bit 64, ba sai an sayi kome ba. Idan kuwa rabi cif ne ya ɓace, sau da yawa ɗaya daga cikin sandunan ƙwaƙwalwar biyu ne bai zauna daidai a raminsa ba, ko ƙurar hunturu ta shiga tsakani, ko kuwa ya lalace. Wani lokaci kuma wani mai gyara ne ya taɓa sa wa Windows iyaka a wurin saitin tashi, ya manta bai cire ba. Duk waɗannan ba su da alaƙa da hoto, kuma mai shagon da ya ce maka "haka suke zuwa" a kan irinsu, ko dai bai sani ba, ko kuma ya sani.

Kada kuma a haɗa wannan da giɓin faifan ajiya, inda aka rubuta gigabait 500 amma Windows ta nuna 465. Can mudu biyu ne suka haɗu: masu ƙera faifai suna ƙirga gigabait da 1,000 sau 1,000 sau 1,000, Windows kuma da 1,024 sau 1,024 sau 1,024. Hatsin ɗaya ne.

Yanzu bari mu koma kan mai shago. Zai ce shi ma haka ya sayo, haka kamfani ya rubuta a jiki, kuma idan aka buɗe na'ura za a ga sandunan gigabait 8 ɗin a zaune. Gaskiya ya faɗa. Sai dai mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin cewa gaskiyar lamba daban, cikar bayani daban. Tun zamanin da Turawan kamfanin auduga suka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, kowa ya san cewa idan aka gurje kaɗa, abin da ke fita na zare kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ko ɗan fiye, sauran mafi yawa gurya ce, wadda ake matse mai daga gare ta a ba dabbobi abin da ya rage. Babu mai kiran wannan sata, saboda mai saye da mai sayarwa duk sun san lissafin kafin a ɗora buhu a sikeli. A cinikin kwamfuta kuwa ɓangare ɗaya ne ya sani. Kwamfutoci biyu suna jere a kan teburi, kowace an liƙa mata takarda mai cewa 8, kuɗinsu ɗaya, amma ɗaya za ta ba yaro 7.8 ɗaya kuma 5.9. Bambancin ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya san haka ya yi shiru, bai yi ƙarya ba, amma ban ga yadda za a ce ya cika mudu ba. Idan aka zo ga mai gigabait 4 abin ya fi ciwo, domin Windows ita kanta takan riƙe kimanin 2 ko fiye kafin ka buɗe kome, don haka rabin gigabait da aka yanke yana iya zama shi ne tsakanin na'urar da ke tafiya da wadda ke rarrafe.

Abin mamaki shi ne, inda ya kamata jama'a su ɗaga murya ba nan suke ɗagawa ba. A kwalayen wayoyin hannu da yawa yanzu za ka ga an rubuta 8+8, ko a rubuta 16 da manyan baƙaƙe, bayanin kuma da ƙanana. Ƙwaƙwalwar aikin wayar 8 ce. Sauran 8 ɗin wani yanki ne na ma'ajiyar wayar da aka keɓe don a riƙa jibge abin da ba a aiki da shi a lokacin, kuma ma'ajiya ba ta kusa da ƙwaƙwalwar aiki wajen sauri. Wato an share wani lungu a cikin rumbu an ce shi ma masussuka ne. Dabarar tana da ɗan amfaninta, ban musa ba, amma haɗa lambobin biyu a ce 16 shi ne ya fi kama da abin da Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi a kai. Kwamfutar da ta ce maka "8 aka sa mini, 7.8 zan iya ba ka" ta fi wannan kwali riƙon amana nesa ba kusa ba, amma ita ce ake mayarwa shago.

Wasu samari masu ƙarambani, da zarar sun ji wannan bayani, sai su kutsa cikin saitin Bayos, wato shafin da ke fitowa kafin Windows ta tashi, su nemi rage gayaunar sashen hoto. A na'urar da ta ba da wannan dama, rage gigabait 2 zuwa megabait 512 yana da ma'ana ga wanda rubutu da karatu kawai yake yi. Amma rage 128 zuwa 64 wahalar banza ce, ribar ba ta kai a ji ta ba, kuma kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa ba su ma da wannan saiti. Wanda bai san abin da yake taɓawa a wannan shafi ba yana iya hana na'urarsa tashi. Idan akwai ɗan kuɗi, ƙara sanda ta biyu ya fi. Sanduna biyu masu gigabait 4 iri ɗaya sun fi sanda guda mai 8 amfani ga irin wannan na'ura, domin furosesa da sashen hoto suna samun ƙofa biyu ta shiga masussuka maimakon su yi ta cunkoso a ɗaya. Sai dai a tambaya tun a shago ko akwai ramin ƙari, don wasu sababbin ƙirar an narka musu ƙwaƙwalwar a jikin allo, yadda aka saye su haka za su mutu.

Malamai 'yan'uwana, musamman na lissafi da na kwamfuta, ga darasi nan kyauta a ɗakin gwajinku. A sa kowane ɗalibi ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, ya shiga shafin ƙwaƙwalwa na Task Manager, ya kwafo abin da aka rubuta a gaban kalmomin Hardware reserved, wato kason da aka keɓe wa sassan na'ura. Ya mayar da gigabait 4 zuwa megabait 4,096, ya ɗebe abin da aka keɓe, a ce 128, ya sami 3,968, ya raba da 1,024, ya ga 3.875 ta fito, sannan ya gwama da lambar cikin baka. Ya fitar da kaso cikin ɗari, ya kwatanta da na maƙwabcinsa, ya kwatanta da kashi 30 na iskar huhu. Ɗalibin da lissafinsa ya ƙi daidaita shi ne ya yi sa'a, don shi ne zai tafi neman dalili. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya, idan ya raka mahaifinsa shago, ba zai yi zargi a banza ba, ba kuma za a rufe masa baki da Turanci ba.

Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai da ke sayen kwamfutoci da yawa a lokaci guda su ne suka fi kowa asara idan aka yi sakaci, domin giɓin gigabait 1 a na'ura 40 ya zama gigabait 40, kuɗin sanduna biyar masu 8 ke nan. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa mai bit 64 ce kaɗai, kuma ba ta karɓar ƙasa da gigabait 4, don haka na'urar da aka saya a kan wannan iyaka ba ta da sararin da za a yanki wani abu daga ciki. A rubuta a takardar ciniki lambobi biyu, wadda aka sa da wadda za a iya amfani da ita, a rubuta irin Windows, a rubuta ko akwai ramin ƙari, sannan a kunna kowace na'ura a duba kafin a biya. Dubawar ba ta wuce minti biyu a kan kowace ɗaya, ɗaki mai kwamfuta 40 kuwa malami guda da ɗalibai biyu za su gama shi kafin a fita tara.